Rage Wa Mota Nauyi: Daga Filayen Tseren Turai Zuwa Fijon Hanyar Ƙonni Da Illela

  Yau tarihin mota za mu taɓa.

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin samari kwanakin nan, a gareji da fadar shan shayi. Wai in kana da tsohuwar mota mai gudu, irin BMW ko Marsandi ta shekarun 1980 da 1990, hanya mafi araha ta ƙara mata gudu ita ce a rage mata nauyi. A waya suke gani: Bature ya kwance kujera ya aza bisa sikeli, ya ɓamɓare kafet ya auna, yana rubuta kilo nawa ya rage. Maganar gaskiya ce, ba gardama. Sai dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu. Iyayenmu direbobi sun shekara fiye da talatin suna kwance kujerun Fijo tsakanin Ƙonni da Illela ta Najeriya. Aikin hannun iri ɗaya ne da na masu tsere. Abin da ake yi wa motar bayan an kwance kujerar, nan aka raba hanya, kuma nan ne rayuka suke shiga ciki.

Dalilin abin ba wuya gare shi ba. Duk kilo ɗaya da ke jikin mota, inji ne zai ja shi in za a tashi, birki ne zai tsai da shi, taya ce za ta riƙe shi a kwana. Mai amalanken jaki ya san haka ko bai taɓa shiga aji ba: tafiyar jaki da buhu uku daban take da tafiyarsa da buhu takwas. Ƙara wa inji ƙarfi kuɗi yake ci. Rage nauyi kuwa sifana da haƙuri kawai yake so.

Don mu riƙa gane lissafin, mu ɗauki ma'aunin da kowa ya sani a nan, wato buhun simintin Malbaza mai kilo 50.

A shekarar 1934 hukumar da ke kula da manyan tseren motoci a Turai ta fara aiki da doka cewa motar tsere kada ta wuce kilo 750, ban da mai da ruwa da tayoyi. Buhu goma sha biyar ke nan. Tunaninsu shi ne in aka ƙayyade nauyi, ba wanda zai iya ɗora babban inji, gudu ya ragu, haɗari ya ragu. Jamusawa suka juya musu dokar. Kamfanonin Mercedes da Auto Union suka koma ga alminiyam da wasu ƙarafa marasa nauyi, suka bi duk ƙarfen da zai jure suna huda shi ramuka-ramuka, nauyin da suka samu suka mayar da shi cikin inji. Zuwa 1937 motar Mercedes ta kai ƙarfin doki wajen 600, kuma tana cikin kilo 750 ɗin nan. Dokar da aka yi don rage gudu ita ta haifi motocin da suka fi na baya gudu nesa ba kusa ba.

Daga wannan zamanin ne wani labari ya fito da Turawa ke son bayarwa. Wai a watan Yunin 1934, daren jajibirin tsere a filin Nürburgring, aka auna sabuwar motar Mercedes aka tarar ta ɗara da kilo ɗaya. Sai shugaban tawagar, Alfred Neubauer, ya sa makanikai suka kwana suna kankare farin fenti har ƙarfen ya fito fes kamar azurfa, da safe motar ta ci tsere. Masu bin diddigin tarihi da dama suna ganin an ƙara wa labarin gishiri, don a littafin da Neubauer ya fitar a 1958 ne ya bazu, kuma tseren ranar ba a ƙarƙashin dokar kilo 750 aka yi shi ba. Ko ma dai yaya ne, motar ta ci tseren, kuma labarin ya nuna inda hankalin mutanen yake: har fenti nauyi ne a wurinsu.

Ba a daɗe ba aka fara biyan kuɗin wannan dabara da jini. Ranar 11 ga Yunin 1955, a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta hau bayan wata mota ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Sama da mutum 80 suka mutu. An ƙera bodin motar da wani ƙarfe mai sinadarin magneziyam saboda rashin nauyinsa, shi kuwa in ya kama da wuta, ruwa ƙara hura shi yake yi. Masu kashe gobara na zuba ruwa, wuta na ƙara tashi.

Wanda sunansa ya fi fita a wannan fanni wani Baturen Ingila ne, Colin Chapman, mai kamfanin Lotus. Motarsa Lotus Seven ta 1957 nauyinta bai wuce wajen kilo 500 ba, buhu goma. Ra'ayin da aka san shi da shi shi ne, ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake amfani, rage nauyi kuwa ko'ina yana amfani, a miƙe da kwana da wurin taka birki. Motocinsa sun ci gasar duniya sau da yawa. Amma direbobinsa sun san abin da suke zaune a ciki. A 1969, bayan fiffiken motarsa ya karye a tseren Sifen ya yi mummunan haɗari, direba Jochen Rindt ya rubuta wa Chapman wasiƙa yana cewa motocin za su ci gaba da cin tsere ko da an ƙara musu ɗan nauyi don a ƙarfafa wuraren da ke da rauni. A watan Satumban 1970 Rindt ya mutu cikin motar Lotus a filin Monza na Italiya. Makin da ya riga ya tara ba wanda ya kamo shi, aka ba shi kambun duniya yana kabari.

Misalin da ya fi kusa da abin da samarinmu ke gani a waya shi ne na Porsche 911 Carrera RS ta 1973. Kamfanin ya ɗauki motarsa ta kan titi ya fitar da wani samfuri mara nauyi, guda 200 kacal. Suka cire kujerun baya, suka cire agogo, suka rage kafet da abin da ke tare ƙara, suka sa siririn gilashi da siririn ƙarfen bodi, hannun ja ƙofa na ciki ma suka mayar da shi ɗan maɗauri. Duk wannan aiki, na injiniyoyin da suka ƙera motar da hannunsu, abin da ya rage wajen kilo 100 ne. Buhu biyu. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi.

To mu dawo Afirka, inda labarin ya zama namu.

Peugeot, wadda muke ce wa Fijo, ba don ado ta yi suna a nahiyar nan ba. A tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsu na dubban kilomitoci, samfurin 404 ya zo na ɗaya a 1963, ya sake a 1966 da 1967 da 1968. Ƙanwarta 504, wadda ta fito a 1968, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 504 mai ƙofa biyu da injin silinda shida, wadda ita ce motar ƙwalisa ta gidan, kuma a wannan shekarar ya ci tseren Bandama na Kodebuwa. Matasa da yawa in ka ce musu Fijon da suka sani tana jigilar buhun albasa jinin 'yan tsere ce, dariya za su yi maka.

Yadda ake shirya mota don irin wannan tsere shi ne abin lura. Ana kwashe kujerun baya da kafet da duk wani kayan jin daɗi, haka ne. Amma nan take ake mayar da wani nauyin: a yi waldar kejin bututun ƙarfe cikin motar don in ta kife kada rufi ya danne mutane, a sa faifan ƙarfe ƙarƙashin inji don dutse, a ƙarfafa mazaunin shakazoba, a sa bel mai riƙe kafaɗu biyu, a sa abin kashe wuta. Mai tsere a Afirka yana cire abin da ba ya tsare rai don ya sami wurin sa abin da ke tsare rai.

Ta hanya uku Fijo ta cika yankinmu. Ta farko Kaduna, inda aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a 1975, aka ci gaba da fitar da 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin ta. Daga Kaduna zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Illela, sai ga ta a Ƙonni, ita da kayan gyaranta. Ta biyu Sahara. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 404 ko 504 a ƙasarsu da araha, su keto Aljeriya ta Tamanrasset, su shigo ta Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar, su sayi tikitin jirgi su koma gida. Da aka gama kwaltar hanyar yuraniyom daga Arlit zuwa Tawa wajen 1980, gangarowa har Tsarnawa ta zama abu mai sauƙi. Wannan kasuwa ta mutu farkon shekarun 1990 da rikicin Aljeriya da tawayen arewa. Ta uku ita ce tashar ruwan Kwatano, wadda ta gaji sauran.

A tsakiyar wannan zamani ne tseren Paris-Dakar ya riƙa ratsa ƙasar nan. Thierry Sabine ya fara shi ranar 26 ga Disamban 1978 da motoci da babura 182, guda 74 suka isa Dakar, kuma tun wannan karon farko Agadas da Yamai suna cikin hanya. A 1989 da 1990 Tawa zango ce, 'yan tseren suka kwana a can kafin su miƙa Yamai. Manyanmu da suka je kallo suna nan da ransu. Shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, Peugeot ce ta zo ta ɗaya, uku daga ciki a hannun Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan.

Motocin da suka ci ɗin nan, 205 da 405, suna ne kawai ya haɗa su da na kasuwa. Ƙashinsu bututun ƙarfe ne, inji yana tsakiya bayan direba, bodin kuwa ɓawo ne na wani zare mai ƙarfi mara nauyi wanda mutum biyu za su ɗaga. Ga abin da ya fi ba ni sha'awa: da za su kawo 205 cikin Tenere, sai da suka ƙara mata tsawo don ta ɗauki tankunan mai na wajen lita 400, saboda nisan da ke tsakanin wuraren shan mai. Wato su ma sun rage wa mota nauyi ne don ta ɗauki fetur. A daidai shekarun da injiniyoyin Faransa ke wannan aiki da kwamfuta da miliyoyi, masu walda a Ƙonni da Illela suna yin irinsa da injin walda ɗaya a ƙarƙashin runfa.

Abin da ya kawo haka sananne ne. Najeriya ta riƙa sayar wa 'yan ƙasarta fetur da rangwame tun daga shekarun 1970. Daga 1986 naira ta shiga faɗuwa, sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Faransa. Lita ɗaya a Illela da lita ɗaya a gidan mai na Ƙonni, tsakaninsu 'yan kilomitoci ne, amma kuɗinsu a lokacin sama da ƙasa. Ko karya darajar sefa da aka yi a Janairun 1994 ba ta rufe ratar ba na dogon lokaci. Haka sana'ar ruwa-ruwa ta kafu, kwalabe da bidon a bakin hanya tun daga Ƙonni har Tawa.

Mai ɗauko man yana buƙatar wuri da gudu. Sai a kai Fijo gareji, famili ce mai layin kujeru uku ko bashe ce. A kwance kujerun baya duka. A ɓamɓare kafet da kwalin ƙofofi da rufin ciki. Wani har kujerar gefen direba yake cirewa, yaron mota ya zauna kan jarka. Wasu safaya ma ajiye ta suke yi a gida, don wurinta jarka biyu ne. Har nan, in ka ɗauki hoton motar ka nuna wa makanikin tseren Safari, zai ce ɗan uwansa ne ya yi aikin.

Sai kuma a shiga ƙari. Bashe a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku. Famili, wadda kamfani ya riga ya yi wa nannaɗaɗɗen sifirin bibbiyu kowane gefe a baya, a sa mata wanda ya fi tauri ko a cusa roba tsakani. Shi ya sa in ba kaya za ka ga bayanta ya ɗaga sama kamar kunama, in an yi lodi ta dawo daidai kamar ba ta ɗauki komai ba, wanda shi ma dabara ce ta kauce wa idon duwan. Wasu a yi musu waldar ƙarin tanki a ƙarƙashi ko a wurin da kujera take da.

Mu yi lissafi. Litar fetur nauyinta wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ne. Jarka mai lita 25 ta kusa kilo 19, ban da ita robar. Jarka arba'in lita 1,000 ke nan, kilo 750. Kun tuna wannan adadin? Nauyin motar tseren Mercedes ta 1934 ne ɗungurungum. Abin da aka kwance daga jikin Fijon, kujeru da kafet da safaya, da wuya ya wuce buhu biyu. An cire buhu biyu, an ɗora goma sha biyar, a kan motar da ita kanta nauyinta wajen kilo 1,200 zuwa 1,300 ne. Birki kuwa na nan yadda kamfani ya sa shi, in ma ba ya tsufa ba. Taya ta hannu ce 'yar Kwatano. Gatarin baya shi ne dai wancan.

Sifirin da aka ƙara yana hana mota zama ƙasa, shi ke nan aikinsa. Ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya juriya. Birki zafi yake mayar da gudun mota, in nauyi ya yi yawa ya ɗau zafi fiye da kima, sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa huɗu yake yi. Ga shi kayan ruwa ne, in jarka ko tanki bai cika ba yana kai-komo, a kwana ya tura motar gefen da direba ba ya so. Ga tururin fetur cikin motar da aka cire mata duk abin da ke raba direba da kaya, wayoyin lantarki a tsirara, tafiya cikin dare a hanyar daji, wani lokaci ba fitila. Babu unguwar da ba ta san gidan da irin wannan wuta ta shiga ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ba zagin mutanen nan nake ba. Sana'ar ta ciyar da gidaje masu yawa a shekarun fari da rashin aiki, ta aurar, ta gina. Man nan mai araha shi ya riƙa tada injinan ban-ruwa a gonakin albasa na Galmi da fadamun Ƙonni, shi ya kai marasa lafiya asibiti, shi ya kai dabbobi kasuwar Badagishiri. Kuma masu waldar da suka yi aikin gwanaye ne na gaske, mutanen da ke gane ƙarfe da ƙarar da yake yi in an ƙwanƙwasa. Abin da ba su da shi shi ne sikeli da lissafin birki, kuma mai motar ba don ya sayi keji da abin kashe wuta ya kawo ta ba.

Rufe iyaka ma ya taka rawa. Da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya a 1984, aka kai 1986 kafin a buɗe, mota ta zama abu mai wuyar ɓoyewa, sai babur ya karɓi aiki. A shekarun nan kabu-kabu ya yi ƙarfi a Ƙonni. In ana maganar abin hawa mara nauyi mai ɗaukar abin da ya fi shi, babur ne ƙarshe: shi wajen kilo 100, a ɗaura masa jarka shida ko takwas, direba na zaune bisa tanki. Haka aka sake gani da rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, lokacin da Najeriya ta hana ma kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

Manyan motoci nasu labarin daban ne, a taƙaice zan faɗe shi. Tun da masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, ga kuma albasa da ke tafiya har Abijan da Akara, masu kamiyo ƙara wa bodi tsawo da tsayi suke yi, su ƙara sifirin. Ƙungiyar UEMOA ta fitar da doka mai lamba 14 a 2005 da ta ƙayyade nauyin da kowane gatari zai ɗauka, saboda lodin wuce kima ne ke cinye kwalta. Wanda ke bin hanyar Tsarnawa zuwa Madawa ya san yadda aka kwashe da ita.

Yanzu ga samarinmu masu tsofaffin BMW da Marsandi, tunda su suka tada maganar. Akwai abin da za ka cire ba ka cuci kowa ba. Fara da but: tsohon batir, jak biyu, guntayen ƙarafa, manyan lasifikoki da akwatinsu na katako, wani sai ya fitar da rabin buhu daga nan kaɗai. Injin sanyaya mota da ya shekara goma da mutuwa kana yawo da shi. Manyan rim masu ƙyalli da aka sa don ado, waɗanda sau da yawa sun fi na asali nauyi, kuma nauyin da ke jikin taya ya fi kowane illa, don shi ake juyawa, shi shakazoba ke fama da shi a gargada. Kujerar baya in ka ga dama, amma ka sani daga ranar motarka ta mutum biyu ce, kuma in aka yi haɗari da mutum zaune a ƙasa, kai da masu inshora da jandarma ne.

Akwai kuma abin da ko Chapman sai ya yi lissafi kafin ya taɓa: ginshiƙan da ke riƙe rufi, ƙarfen da ke cikin ƙofa, ƙarfen bayan bamba, ƙasan mota inda kujera da bel suke ɗaure. Motar da ta shekara talatin, ta sha gishirin titin Turai lokacin ƙanƙara, ta zo ta sha gargadarmu, wataƙila ma an taɓa miƙe ta bayan haɗari kafin a sa ta jirgin ruwa, ƙarfenta ya riga ya rage wa kansa nauyi da tsatsa. Huda irin wannan da sunan koyi da Jamusawan 1934 ganganci ne. Safaya kuma a Turai ake barinta gida, inda mai jan mota ke zuwa cikin rabin awa. Tsakanin Badagishiri da garin Illela ba mai zuwa.

Wani abu da bidiyon ba ya faɗa: waɗannan motoci tayoyin baya ke tura su. In ka kwashe nauyi daga baya kaɗai, ka rage abin da ke danne tayoyin a ƙasa. A kwaltarmu da rairayi ke kwanciya a kai, bayan motar zai riƙa zamewa tun ba ka nema ba. Masu juyi a wurin biki abin da suke so ke nan, na sani. Sai dai Bature yana yin nasa a fili mai shinge, da hular kwano da keji, 'yan kallo na nesa, darasin da suka koya tun daga Le Mans. Namu a tsakiyar gari ake yi, yara na gefe.

Kuma a yi lissafin ribar tsakani da Allah. Motar kilo 1,200, ka wahala kwana biyu ka cire kilo 60, kashi biyar cikin ɗari ka rage, nauyin saurayi ɗaya. Ranar ɗaukar amarya abokai shida suka shiga, biyu na zaune a taga, an mayar da kilo wajen 400. Sabbin tayoyi huɗu masu kyau da birki da shakazoba masu rai za su canza tafiyar tsohuwar mota fiye da duk abin da sifana za ta kwance.

Ita kuwa Fijon ruwa-ruwa, zamaninta ya riga ya ja baya tun kafin a zo nan, Toyota da babura sun karɓe hanya. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ta ci gaba da hawa. Wata biyu bayan haka aka rufe iyaka saboda takunkumin CEDEAO, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Ratar da sana'ar ta rayu a kai shekara arba'in ta rufe, har aka kai lokacin da man Nijar ne ke tsallakawa kudu, kuma a Maris na 2025 dogayen layuka a gidajen mai suka nuna yawan man da ƙasar ke sha daga jarka ba a sani ba.

A Turai, 504 mai ƙofa biyu irin ta Nicolas yanzu kayan masu tara tsofaffin motoci ce, ana goge ta ana kai ta baje koli. Namu da suka yi aikin hanyar Illela, kaɗan na nan suna zuwa kasuwannin ƙauye ranar Laraba da Lahadi, da ƙofar da ake ɗaurewa da igiya. Sauran suna bayan garejoji a kan duwatsu, an cire inji an kai gona yana jan ruwa ko yana juya injin niƙa, gatarin baya da tayoyinsa sun koma amalanke, bodin kuma 'yan gwangwan na yanka shi gunduwa-gunduwa suna saye a kan kilo.